Sabon adireshin firinta

Baban yara,

Na fita kana barci. Firintar nan da ka ce a gaban Mama ni na lalata, lafiyarta ƙalau. Ranar da ka sauya rauta, na'urar intanet ɗin gidan nan, wayarka da kwamfutarka duk ka ba su sabon adireshi, ita kaɗai ka bari a kan tsohon. Tana nan a kunne kullum, tana jira, ba mai nemanta. Na san yadda abin yake.

Ɗazu na gyara mata lambar adireshin, na liƙa a jikin murfi. Kada ka danna maɓallin da ke bayanta, komai zai goge.

Yara suna tare da ni. Namu adireshin ban liƙa shi ko'ina ba. Wannan karon kai za ka nema.