Maiwa Na Ba Su a Madadin Geron Babana

Assalamu alaikum Edita, da duk masu karanta wannan fili. Ina gaishe ku da aiki, ina gaida iyali. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin wani ya ce wannan mata ba ta da tsoron Allah, ya daure ya kai ƙarshen takardar. Na zagi kaina iyakar zagi, ba ƙari na zo nema ba. Ajin yaƙi da jahilci kaɗai na yi, in an ga rubutun ya karkace a yi haƙuri.

Ni 'yar wani ƙauye ce kusa da Tamawa a ƙasar Kurfi, yanzu ina aure a Dutsin-Ma. Babana manomi ne, kuma abin da aka san shi da shi wani irin gero ne da ya gada tun daga kakansa, muna ce masa Kore-yunwa. Gajere ne, ba shi da wani kyan gani, amma yakan nuna tun sauran gero bai gama fitar da kai ba. A tsakiyar damina, lokacin da rumbun kowa ya koma fanko, gidanmu ake fara gasa tumu, maƙwabta su zo da ƙwarya a ɗiba musu. A wata gona can gefe Baba yake shuka shi shi kaɗai don kada ya surku da wani, kuma da hannunsa yake zaɓar zangarniyar iri.

Shekara biyu kafin mulkin kai, ina budurwa, wata rana da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Wani Bature ne da malamin gona yana yi masa tafinta. Suka ce wata ƙungiyar taimako ce ta aiko su, mutane ne a ƙasashe daban-daban suke haɗa gudummawa don a tattara irin tsirrai na duniya a adana, a yi bincike a kansu, ko da wani zai ɓace a sami inda za a koma. Baba ya ji daɗi har bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya leƙo cikin gida ya ce mini, “Ke, ɗiyata, ɗauko zangarniya goma cikin damin iri ki sussuke masu maza, tsaba suka ce suna so.” Ni kuwa raina ya ɓaci. Kakata kafin ta rasu ta sha gaya mana cewa ba a ba baƙo iri kafin shuka, albarkarsa bin sa take yi ta bar gidan. Ga ni kuma da zuciya tun ina ƙarama. Na ce a raina, mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba zai zo da mota ya tafi da abin kakanninmu cikin jaka? Baƙi dai ba sa wuce zaure, turmi kuma ba wanda ke leƙa shi sai mai daka. Na wuce damin iri na nufi ɗaya rumbun, na zaro maiwa, na sussuka, na sheƙe, na bakace, na zuba a ƙwarya na rufe da faifai. Baba bai ko ɗaga faifan ba, ina dalilin da zai binciki ɗiyarsa? Malamin gonan ɗan birni ne, ya juye a 'yar jaka ya rubuta sunan Baba a jiki. Kun san abin da ya fi ba ni kunya yanzu? Ina laɓe a bayan danga ina dariya, ina ganin na yi wa gidanmu jarunta.

Shekara uku da suka wuce gobara ta tashi da rana tsaka, mutane duk suna kasuwa, ta cinye rumbunanmu har da damin iri. Irin da ke hannun maƙwabta ya riga ya surku da wasu, ya daina saurinsa. Daga nan Baba ya karye, idanunsa ma suka yi yana har ya daina gani. Sai yayana, wanda gandun gidan ke hannunsa yanzu, ya tuna da Baturen nan, ya je ya sami sabon malamin gona na Kurfi suka rubuta wa ƙungiyar takarda. Labarin takardar ya zo mini. Allah Ya yafe mini, har addu'a na yi takardar ta ɓace a hanya.

Ba ta ɓace ba. Watan jiya aka aiko in zo gida, an kawo buhu biyu. Ashe mutanen nan sun riƙe amana, duk shekarun nan suna adana abin da na ba su, da takardar ta isa suka shuka suka ninka shi, suka aiko kyauta. An turbuɗe tsabar da jan maganin ƙwari, ba a ganin ainihin launinta, ba kuma halin a tauna a ji. Aka kama hannun Baba aka tura cikin buhun. Ya damƙo, ya murza, ya daɗe yana murzawa, sai hawaye. Ya ce, “Shi ne. Wallahi shi ne, ya dawo gida.” Malamin gona ya ce wai a can ya yi jinkirin nuna, amma sun ɗauka canjin ƙasa ne da yawan ruwa. Yaya ya yi dariya ya ce, “Bari dai ya ji ƙasarmu, Malam, ka ga gudu.” Ni ina tsaye da buta a hannu, ban san ruwan yana zuba a ƙafata ba. Kafin la'asar an raba wa kusan duk gidajen unguwar, mudu-mudu, kowa yana sa wa Baba albarka.

Jama'a, ku da kuka san noma kun san abin da nake faɗa. Maiwa sai ta ga ƙarshen damina. In suka zuba ta a gonakin da suke sa ran samun abinci da wuri, me yara za su ci a tsakiyar damina? In kuma ruwa ya ɗauke da wuri kamar bara, ko kara mai kyau za su samu? Ba gidanmu kaɗai ba, unguwa guda ce, a kan maganar tsohon da bai taɓa yi musu ƙarya ba.

Kada ku ce ban gwada ba. Na ja Yaya gefe na ce, “Yaya, da an shuka rabi, a bar rabi da geron da aka saba mana.” Ya kalle ni sheƙeƙe ya ce, “Ke mi kika sani ga noma? Tahi ki ji da turminki.” Na koma wurin Baba, na durƙusa, na ce, “Baba, da a ce an sami kuskure wurin irin nan fa?” Ya lalubo kaina ya dafa ya ce, “Wane kuskure, ɗiyata? Ke kika sussuka shi da hannunki. Da wani ne da na yi shakka.” Na ce masa haka ne. Na ƙara ƙarya a kan ƙarya ina kallon idon da ba ya ganina. Ko mijina ban gaya wa ba, yana ta tambayata me ya sa nake ramewa, ina ce masa zafi ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne, jiya Yaya ya shigo Dutsin-Ma cin kasuwa ya biyo da saƙo. Baba ya ce tunda Allah Ya maido da Kore-yunwa, irin geron da kowane gida ya ajiye don shukar bana ba shi da sauran amfani, a haɗa shi a daka gumba a yi sadakar godiya. Maƙwabta sun yarda. An sa Juma'ar farko bayan tsayuwar wata, saura mako uku ke nan. Da zarar an jiƙa geron nan, babu sauran irin da za a koma wa a unguwar. Kuma ni aka ce in je tun ranar Alhamis in shugabanci matan da za su jiƙa.

In na faɗa, ban san ko zuciyar Baba za ta ɗauka ba, kuma ban san da wane ido zan dubi mutanen unguwarmu ba. In na yi shiru, da hannuna zan zuba wa abincin 'ya'yansu ruwa. Edita, don girman Allah ka buga wannan da wuri. Wa zan fara tunkara, kuma da wace kalma zan fara? Me zan yi?