Ashe Alƙahira awa biyar ce

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Rabi da yara?

Hankalina a tashe yake. Jiya maƙwabciyarmu Hajiya Larai, wadda ta dawo jinya daga Alƙahira, ta shigo gaida Inna. Inna ta tambaye ta kwana nawa ake yi a hanya. Ta yi dariya ta ce, "Wane kwana? Daga Abuja awa biyar ne a jirgi."

Tana fita Inna ta dube ni. "Ashe mai zuwa Kano a mota ya fi shi daɗewa? Shekara shida, Hadiza!"

Na gaji da kare ka da zancen nisa. Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Amma kar ka kira Inna sai ka tsayar da ranar zuwa.

Ƙanwarka Hadiza,
Kurmin Sarki, Suleja