Ni na rubuta zagin a injin gwaji, yayana za a kora

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana. Shawara nake nema, wanda zai zage ni ma ya zaga, amma ya haɗa da shawarar.

Ni ɗan Gummi ne, ina aiki a wata makaranta mai zaman kanta, ni na rubuta musu manhajar da ke haɗa sakamakon jarabawa ta buga katin kowane ɗalibi. Kwamfuta ɗaya tal gare mu a ofis, shi ya sa na kafa virtual machine guda biyu a cikinta, wato kwamfuta cikin kwamfuta, kowace da nata kayan. Ɗaya na sa mata suna GASKE, nan makin yara na ainihi yake. Ɗayar GWAJI, nan nake ɓarna da gyara. Da yake RAM ɗinmu, wato ƙarfin ɗaukar aikin kwamfutar, bai taka kara ya karya ba, ba sa tashi tare, sai ka kashe ɗaya ka kunna ɗaya.

To akwai Yaya Sani, ɗan wan babana, shi aka ba ofishin kafin in zo. Kwas ɗin wata uku ya yi a Gusau ya dawo ana ce masa Injiniya, alhali da yatsa biyu yake taifin, yana yi yana fito da harshe. Sau uku ina zaunar da shi ina masa bayanin injinan nan, yana gyaɗa kai kamar ƙadangare, ƙarshe ya tambaye ni ina na ɓoye kwamfuta ta biyun. Wannan mutumin shi ke bin gari, har kasuwar Nasarawa Burkullu, yana cewa shi ya ƙera manhajar, ni ɗan riƙe masa waya ne. Wallahi ko ganin hularsa na yi sai raina ya ɓaci.

Ga inda nawa laifin yake. Da zan kafa GWAJI na yi kasalar ƙirƙiro sunaye, sai na kwafe GASKE ɗungurungum, da sunayen yaran da na iyayensu, na bi na zuba makin ƙarya. Gurbin da ake sa ra'ayin shugaban makaranta kuwa, ina son in ga ko dogon rubutu zai shiga, sai na riƙa rubuta abin da ke raina. Wani yaro na sa masa "Daƙiƙi ne, gado ya yi." Ɗiyar wani mai awon hatsi daga Adabka na sa "A mayar da ita gona, ta fi ubanta iya mudu." Ina yi ina dariya ni kaɗai.

Ranar Laraba na tafi Gusau sayen tawadar firinta, mota ta lalace mana a hanya, na kwana. Injiniya ya ga dama ta samu. Ya girgiza tsohuwar tawadar, ya kunna GWAJI saboda wai ta fi saurin buɗewa, ya buga katin aji biyu, ko layi ɗaya bai karanta ba, ya danna hatimin Malam mai makarantar, aka raba wa yara. Jar fuska na yi wa injin nan, da GWAJI rubuce ɓaro-ɓaro, amma mutumin nan bai gani ba.

Washegari iyaye suka cika ƙofar makaranta. Mai awon hatsin nan ya hau babur tun daga Adabka, ya tsaya gaban Malam da katin a hannu yana cewa, "Mi munka yi muku da za ku zagi ɗiyanmu da hatimi?" Malam dattijo ne, abokin karatun babana, bai taɓa zagin ɗan kowa ba, ranar har hawaye ya yi. Kuma da yake Yaya Sani ya shekara yana cewa shi ya ƙera, babu wanda ya waiwaye ni. Malam ya ce ranar Asabar Yaya Sani ya kawo makullin ofis gaban iyaye.

Gaskiya da farko daɗi na ji, na ce wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Inna ma da na ba ta labari rabi-rabi cewa ta yi Allah ya kyauta, ta bi ni da wani kallo.

Sai jiya bayan La'asar Yaya Sani ya same ni a ofis. Na gyara zama ina jiran faɗa. Ya ce ya san ni na rubuta, tun katin farko da aka karanta masa ya gane bakina ne. Ya ce, "Ka yi shiru abinka, ƙanena. Ni in an kore ni makaranta ba ta rasa komi ba, kai ka iya abin. Kuma babanka ba ya iya ɗaukar wagga kunya." Ya ajiye min makullin janareta ya fita.

Har yanzu ban canja ra'ayi ba, mutumin nan bai san komai a kwamfuta ba, kuma da ya karanta layi ɗaya da duk haka ba ta faru ba. Amma gobe Asabar, zai tsaya gaban iyaye ya amsa zagin da ni na rubuta da hannuna. Don Allah ku faɗa min, in tashi in ce ni ne, ko in zauna a kujerarsa in ci gaba da aiki?