Turarenki Ya Kunna Jar Fitila

Zuwa ga mahaifiyata, Iya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mana, ina fatan Allah ya yalwata miki makwanci. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma maganar nan ta tokare mini ƙirji, kuma ke kaɗai nake so ki ji ta.

Ni ce Zainabu, 'yarki mai kwance rediyo. Ke ce kike cewa, “Wannan yarinya ko agogon masallaci aka ba ta sai ta ga hanjinsa.” Har yau ban shiryu ba. Ina nan da shagona na gyaran fitilun sola a Haɗejia, sai dai bayan rasuwarki na ƙara wata sana'a, kuma tarinki ne sanadi.

Kin tuna ranar da likita ya tambaye ki ko kina shan taba? Kika ɗaure fuska, kika juya masa baya, ba ki sake kallonsa ba har aka sallame mu. A waje ya ce mini huhunki irin na wanda ya daɗe yana shaƙar hayaƙi ne. Nan take na yanke hukunci a raina: injin casar shinkafa na bayan layinmu ne, da tulin buntun da suke cinna wa wuta ya yi ta ci kwana da kwanaki. Na rantse sai na kama su da hujja a hannu.

Haka na zauna na ƙera na'urar auna iska. Ba ta fi tafin hannu ba. Akwai 'yar fanka da ke zuƙo iska ta wuce da ita gaban wani siririn haske, shi kuma ya ƙirga ɓurɓushin hayaƙin da ido ba ya gani. Kayan cikin daga Kano nake sayowa, batir na matattun fitilu ne, gidanta kuwa robar man shafawa. Da farko lamba take nunawa. Da na kai wa matan da ke turara shinkafa a garin Auyo, suka yi mini dariya, suka ce su ci lambar za su yi? Sai na mayar da ita fitila uku: kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja a fita ko a buɗe taga.

Ba na haɗa wa kowa. Ina zuba kayan a leda da zanen yadda ake jona su, mutum ya ɗaure abarsa da kansa, don in ta lalace ya san inda zai taɓa. Na sha wahala kafin ta daidaita. Raɓar fadama ta yi ta ruɗa ta tana nuna ja da ƙarya, zanzaro kuma ya mayar da ƙofar iskar gidan haya, sai da na toshe masa da ƙyallen gidan sauro. Da na kai ta bayan injin casa, ta nuna rawaya, in iska ta juyo ta nuna ja. Ranar har wani daɗi na ji mai ɗaci, na ce na kama wanda ya kashe mini uwa.

Sai ga daminar bana. Falmata, autarki, ta dawo gida wanka, ta haifi mace. An sa mata sunanki, muna kiranta Ummi. Ɗakinki aka gyara musu, Gwaggo Hauwa ƙanwarki ta tare don kula da jego. Ruwa ya cika gari, bango ya jiƙe yana warin danshi, sauro kuma ya hana a buɗe taga. Falmata ta ɗauko babbar kwalbar turaren wutarki, haɗinki na ƙarshe, wanda muka yi ta tattali. Safe da yamma kasko ba ya mutuwa. Duk wanda ya shigo barka sai ya ce kamar Iya ta fita alwala ne yanzu za ta dawo.

Wani hantsi na gama ɗaure sabuwar na'ura, ina neman wuri mai tsabta in gwada korenta. A duk duniya ban san ɗakin da ya fi naki tsabta ba. Ina sa ƙafa ta kunna ja. Na ɗauka waya na jona ba daidai ba. Na fita tsakar gida, ta koma kore. Na ɗauko wata daban na shiga, ita ma ja, jan da ko a bayan injin casa bai tsaya haka ba tsai babu ƙyaftawa.

Iya, sai na ajiye na'urar. Na zauna a bakin ƙofa ina tuno ki tsugune a kan kasko kina soya itacen turare da sukari, ƙofa a rufe, labule a sake. “Ku ja mini ƙofar nan, kada ƙamshin ya gudu.” Mu ne ma masu ja miki. Da sana'ar nan kika ciyar da mu, kika yi mana kayan ɗaki.

Na faɗa musu. Gwaggo ta ce da wannan turaren aka haife ni, da shi aka haifi uwata, ba robar man shafawa ce za ta koya mata jego ba. Ta ɗauki na'urar da yatsa biyu kamar mushen ɓera ta ajiye a akurkin kaji. Falmata ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta rungume kwalbar ta ce shi kaɗai ya rage mana.

Ba a yi arba'in ba numfashin Ummi ya fara fita da ƙara. Haƙarƙarinta na lotsawa, ta kasa kama nono. Muka kwasa sai asibiti, aka saƙala mata robar iska a hanci, hancin da bai kai kan ɗan yatsana ba. Kafin mu dawo Gwaggo ta gama gaya wa maƙwabta cewa tun da na shigo da abu mai jan ido ɗakin yarinya ta kwanta. Wasu da suka karɓi ledojina suka aiko mini da su. Ban yi fushi da Gwaggo ba. Tsoro ne, kuma ya fi mata sauƙi ta zargi roba da ta zargi 'yar'uwarta.

Ba zan yi miki ƙarya ba, likita bai ce turare kaɗai ba ne. Ya ambaci danshi, ya ambaci sanyi. Amma ya ce ƙirjin yarinyar ya riga ya yi rauni, duk wani hayaƙi, ko na girki ko na ƙamshi, zai iya dawo da ita asibiti, kuma ba shi da tabbacin za ta sake fita.

Shekaranjiya aka sallame su. Kafin a shigar da Ummi, Falmata da kanta ta fitar da kasko, ta kwance labulayenki, ta wanke su har sai da hannunta ya saɓule. Ta fitar da katifa rana, ta buɗe tagar da ba mu taɓa gani a buɗe ba. Sannan ta ce in je akurki in ɗauko abata. Na goge ta, na kunna. Ta nuna kore.

Falmata ta tsaya tsakiyar ɗakin da jaririya a kafaɗa, ta ja numfashi, ta sake ja, tana nema. Babu komai sai warin sabulu. Ta ce da ni, “Yaya, yau ne Iya ta rasu.” Kukan da ba ta yi ba ranar jana'izarki, ranar ta yi shi.

Iya tawa, ki yafe mana. Mun zaɓi numfashin takwararki, kuma za ta girma ba ta san ƙamshinki ba. Allah ya jiƙan ki, ya sanyaya miki ƙirjin da ya wahala dominmu, ya shaƙa miki iskar Aljanna. Allah ya bar mana Ummi, ya ƙarfafa huhunta. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Zainabu.