Kukan Umma a Cikin Rijiya

Nazlat Awwad, Suhaj
4 ga Maris, 1996

Ƙanena Mamduh,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Umma tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko an daina sayar da biro ne a Alƙahira, tunda wata huɗu ke nan ba mu ga rubutunka ba. Lafiyarta lau. Shekaranjiya ma mota aka aiko takanas daga ƙauyen gaba aka ɗauke ta zuwa wata rasuwa. Ka san har yanzu in ba ita ta ja baitin makoki ba, mata gani suke kamar ba a yi wa mamaci kuka ba.

To, labarinka ya riga ka zuwa. Kaset ɗin fim ɗinku na matar rijiya ya iso shagon shayin Baba Sidƙi, an kunna shi ranar Juma'a bayan la'asar. Da sunanka ya fito a matsayin mai haɗa sauti, Baba Sidƙi ya tsayar da kaset ya ce, "Ku duba da kyau, ɗan marigayi Abdulbasiɗ ne wannan!" Mijina Fauzi ya dawo gida jiki a sanyaye, kuma kwana uku ke nan bai yarda ya leƙa rijiyar gona shi kaɗai ba. Na ce, "Haba malam, ƙato da gashin baki kamar tsintsiya, fim ne ya mai da kai haka?" Ya ce, "Ke dai yi shiru, ba ki ji kukan matar nan ba ne."

Ni kam irin finafinan nan dariya suke ba ni. A shafa wa mace fulawa a fuska, a zuba mata ruwan tumatir a baki, wai ita aljana. Gaya mini tsakani da Allah, mene ne abin tsoro a ciki, kuma me ka yi wa mijina?

Ka huta lafiya.
Yayarka,
Ni'imat

Alƙahira
15 ga Maris, 1996

Yaya Ni'imat,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarki, na ji daɗi ƙwarai. Ki gaishe da Umma da Fauzi, ki ce masa ya kwantar da hankalinsa, a nan ma na ga masu kwat da taye suna ƙanƙame kujera.

Gaskiyarki ne game da fulawa da tumatir. Jini ba ya ba da tsoro, ƙyama kawai yake kawowa, dodo kuma da zarar an gan shi sarai ya zama abin wasa. A ganina tsoro ta kunne yake shiga. Mutum yana iya runtse ido idan abu ya yi masa yawa, amma sautin yana nan yana bin sa. Gwada kashe muryar talabijin a kowane fim na tsoro, za ki ga wasu mutane ne kawai suna gudu a cikin gida babu dalili. Sannan baƙon abu bai kai abin da mutum ya sani tsoratarwa ba. Ki ɗauki abin da kowa ya taɓa ji a gidansu, ki karkace shi kaɗan, yadda jiki zai gane shi amma hankali ya kasa, shi ke nan kin gama da mai kallo.

'Yar wasan da ta fito a matar rijiya sau goma sha ɗaya muna ɗaukar kukanta, kowanne kamar akuya ta maƙale a shinge. Darakta ya ce in ban kawo kukan kirki kafin Asabar ba, zai nemo wani. Sai na samo wata dabara, ga shi yanzu har jarida ta ambaci sunana.

Amma Yaya, kada ki ɓata lokacinki da kallonsa, ba irin naki ba ne. Umma kuwa kada a bari ta kusance shi, saboda hawan jininta. Don Allah ki kula da wannan.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Mamduh

Nazlat Awwad
27 ga Maris, 1996

Mamduh,

Assalamu alaikum. Muna lafiya.

Tun kana yaro, in ka ce kada a buɗe wani kwano, na san ka cinye abin da ke ciki. Don haka jiya bayan an tashi daga makarantar da nake koyarwa, ni da malamai mata uku muka aro kaset ɗin muka kalla a gidan Malama Sana'u. Da gyaɗa a hannuna na zauna, ina shirin yi maka dariya.

Ka ja muryar ta yi kauri, ka juya kalmomin baya, ka sa amsa-kuwwa kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Ka iya aikinka, ban hana ka ba. Amma ka manta da abu ɗaya. Kafin Umma ta ja kowane baiti, sai ta bugi ƙirji sau biyu ta yi ɗan tarin nan. Na ji bugun, na ji tarin. Shekara arba'in ina jin su.

Ranar da Baba ya rasu, kana rumfar maza a waje, ka kira ni bayan katangar gidanmu idonka jawur. Ka ce namiji ba ya shiga wurin mata, kuma ba za ka iya komawa Alƙahira ba ka ji abin da Umma za ta faɗa wa Baba ba. Ka miƙo mini ƙaramar rakodarka. Ni kuma sakarya na cusa ta a ƙirjina ƙarƙashin baƙar riga, na je na zauna gwiwa da gwiwa da uwata, tana kukan mijinta ina ɗauka. Numfashin nan da ke bin yarinyar fim a tsakar gida, wanda ya sa Malama Sana'u ta ƙwalla ihu ta kifar da shayi, nawa ne. Ni ce nake shessheƙa a kan rakodar.

Sana'u ta dube ni ta ce, "Ke da kike cika baki, ga shi kin fi kowa firgita!" Na bar ta a kan haka. Gara ta ɗauka tsoro ne.

Ban yi barci ba, kuma yau da safe da na kai wa Umma burodi na kasa kallon idonta. Kunya ce ta ishe ni, Mamduh, ban taɓa jin irinta ba. Tambaya ɗaya zan yi maka: tun a ranar ka shirya wannan?

Ni'imat

Alƙahira
6 ga Afrilu, 1996

Yaya,

Wa alaikumus salam. Sau huɗu ina fara wannan wasiƙa ina yagawa.

Wallahi ranar ban shirya komai ba. Abin da na gaya miki a bayan katangar gidanmu gaskiya ne. Shekara guda kaset ɗin yana cikin akwatina ban iya kunna shi ba. Sai ranar Alhamis ɗin da darakta ya ba ni wa'adi, na zauna a ɗakin aiki na rasa abin yi, na ce bari in saurara ko zan gane abin da kukan 'yar wasan ya rasa. Na kunna, na yi kuka kamar yaro. Ga abin da ya fi damuna: ina cikin kukan, wani ɓangare na kaina yana cewa, wannan in aka rage masa gudu zai yi daidai. Ban tashi daga kujerar ba sai da na gama haɗawa.

Da darakta ya ji, ya rungume ni ya ce, "A ina ka samo wannan bala'in?" Na ce wata tsohuwa ce na ɗauka a kasuwa. Uwata na kira wata tsohuwa a kasuwa, Yaya. Na gaya wa kaina cewa tunda na juya kalmomin babu wanda zai gane, kuma fim irin wannan ba zai kai ƙauyenmu ba. Duk dogon bayanin da na rubuta miki a kan tsoro, ina rubutawa ne ina sane da abin da na ɓoye.

Ba ni da bakin kare kaina. Ke ba ki da laifi, ni na yaudare ki. Roƙona ɗaya, kada Umma ta sani. Ki zage ni yadda kike so, amma ki rufa mini asiri a wurinta.

Ƙanenki,
Mamduh

Nazlat Awwad
21 ga Afrilu, 1996

Mamduh,

Assalamu alaikum. Roƙonka ya makara.

Ranar Talata Allah ya yi wa Hajiya Zakiyya maƙwabciyarmu rasuwa. Aka cika tsakar gidanta, aka buɗa wa Umma wuri a tsakiya kamar kullum. Ta zauna, ta bugi ƙirji sau biyu, ta yi tari, ta ja baitin farko. Sai wata jikar mamaciyar, budurwa, ta zabura ta ce, "Wayyo Allah, matar rijiya!" Ashe kaset ɗin ya gama zaga gidaje. 'Yan matan da ke bayanta suka toshe baki da mayafi, wata ta kasa riƙewa dariya ta kufce mata. Dariya, Mamduh, ga gawa a ɗaki ba a ko fitar ba. Manyan mata suka hau su da faɗa, amma maimakon a amsa wa Umma baitin kamar yadda aka saba, kowa sai kallon bakinta yake.

Ta ja baiti na biyu ita kaɗai. Ba ta ja na uku ba. Ta gyara mayafi ta tashi, na bi ta.

A hanya ta ce, "Ni'imat, wace ce matar rijiya?" Na ce, "Shirmen yara ne, Umma." Ta tsaya ta ce, "Ke, ni na haife ki. Mako uku ke nan kina kawo mini burodi kina kallon ƙasa." A nan bakin magudanar ruwa na gaya mata komai, har da inda na ɓoye rakodar. Na so ta mare ni. Sai da muka isa ƙofa ta ce, "Ashe shi ya sa kika matso kusa da ni ranar. Ni na ɗauka riƙe ni kike yi."

Kada ka ce mini ba ni da laifi. Kai ka roƙa, amma ni na zauna.

Ranar Asabar an yi wata rasuwar a unguwar gabas. Umma ta sa baƙar rigarta tun safe ta zauna a zaure. Har azahar ba a aiko kowa ba, sai ta tashi ta cire.

Ni'imat

Alƙahira
30 ga Afrilu, 1996

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na je wurin darakta na gaya masa gaskiya, na roƙe shi a cire muryar. Ya ji tausayina, amma ya ce kaset ya riga ya bazu daga nan har birnin Aswan can kudu, kowane mai shago yana kwafar nasa, wa zai bi ya tattaro? Na ajiye aikin da suka ba ni a sabon fim ɗinsu. Na san wannan ba zai mayar wa Umma da komai ba.

Sau biyu ina zuwa tashar jirgin ƙasa ina juyowa. Ban san da wace fuska zan shiga gidan ba. Ki tambaye ta ko in zo, ko in yi nesa. Duk wanda ta zaɓa zan bi. In za ta yarda ki karanta mata wannan, ki ce mata ɗanta ya ce ya ci amanarta, kuma yana neman gafara.

Mamduh

Nazlat Awwad
9 ga Mayu, 1996

Umma ce ke magana, ni Ni'imat nake rubutawa, ban canza ko kalma ɗaya ba.

Ɗana Mamduh, assalamu alaikum. Ina lafiya. An karanta mini takardarka.

Na sa Fauzi ya kawo akwatin kallon nan gida, na kalli fim ɗinka har ƙarshe. Ban ji tsoro ba. Na kasa kunne ne in ji abin da na faɗa wa ubanka, domin ranar ba na cikin hayyacina, kuma duk matan da na tambaya sun ce kuka ya hana su riƙewa. Ban gane ko kalma ɗaya ba, duk ka birkita su.

Shekara talatin liman yana aiko mini cewa in bar kukan makoki, ban bari ba. Yanzu na bari.

Yayarka ta ce kaset na ainihi yana wurinka. Ka kawo mini shi da hannunka, kada ka ba direba, kada ka sa a gidan waya. Za mu zauna a tsakar gida, ni da kai da ita, ka kunna shi yadda yake tun daga farko har ƙarshe, ba wanda zai tashi. Maganar gafara sai bayan nan, don ban san abin da zan ji ba tukuna.

Allah ya kawo ka lafiya.
Uwarka