Sassaben da Ya Cinye Karatun Habibu

Zuwa ga Yayana Ummaru,

Gaisuwa mai sanyin inuwar gawo. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙarfin jiki?

Yaya, alƙalamina kuka yake. Ɗanmu Habibu, mai karatun gandun daji a jami'a, shekara biyu yana renon tohon kalgo da sabara a gonarmu ta Mandera, yana auna su domin binciken kammalawa. Ranar Talata Baffa Sani ya yi sassabe a gonar, ya cinna wuta, tohon duk ya ƙone. Da na tanka, ya ce, "Muna jiran likita, an kawo mana makiyayin sabara!"

Yanzu sai yaron ya maimaita shekara.

Ka sa shi cikin addu'a, ka gaida iyali. Baffa kuwa, har yau ban iya gaishe shi ba.

Ƙanenka Bello, Bodinga.