Jarumarka Ba Ta Iya Ɗaura Kallabi

Zuwa ga Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a can ƙasar karatu, kundin digirinka na biyu ya iso, wanda ka yi a kan juriyar tsofaffin da suka tashi daga ciwon daji. Na karanta babin Inna. Ban taya ka murna ba, kuma ba mantawa na yi ba.

Ka rubuta cewa duk tambayar da ka yi mata ta waya, "da sauƙi" take amsawa, wai ita ce juriyar matanmu. Yaya, kai ne fa ɗan farinta. Matar da ko sunanka ba ta kamawa, sai dai "yaron nan", ita za ta buɗe baki ta gaya maka yadda wurin da aka yanke mata nono yake zugi? A gidan nan na unguwar Zariya ka tashi, ka san kunyar nan sarai. Ka dai ga amsar ta yi wa bincikenka daidai.

Ni nake yi mata wanka. Hannunta na dama ya kumbura kamar taɓarya, kallabi ma ni ke ɗaura mata. Garkar zogalenta ta Jiratawa tana hannun maƙwabta. Ran da muka bi ta wajen, kawar da kai ta yi.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya ƙona mini rai shi ne saƙon muryar da ka tura wa dangi kana kiranta jarumar da ta ci ciwo da yaƙi. Har Tibiri an saurara, 'yan'uwanta suka yi ta zuwa barka.

Yanzu wani ƙullutu ya fito mata a hammata. Likita ya ce mu koma Yamai ba tare da jinkiri ba, ta ƙi. Ta ce, "Yaron nan ya shaida ma duniya na warke. Ni zan ƙaryata shi?"

Na san kana sonta. Ban manta yadda ka ɓuya bayan mota kana kuka ranar aikinta ba. To, ka kira ta. Kada ka tambaye ta jiki. Ka ce kai ne ka yi kuskure, kuma kai kake roƙon ta tafi. Babu malamin da zai rage maka maki. Kayanta na nan a haɗe bayan ƙofa.

Allah Ya tashi kafaɗun Inna, Ya sa ka kira tun ana iya kai ta.

Ƙanwarka da ke fushi da kai,
Rabi